Jinginar Ƙugiya

Zubair ɗan ƙanena ya ɗauke ƙugiyar gidanmu ya kai ta gidan tarihi a Kazaure. Ya yi haka ranar da na tafi ta'aziyya Babura. Bai tambaye ni ba, bai gaya mini ba. Sai bayan wata biyar na sani.

Sunana Mele, ina zaune a Roni. Haƙar rijiya ce sana'ata. Ita ce ta ubana, ita ce ta kakana tun da ya taso daga Barno. Rijiya arba'in da ɗaya na haƙa tsakanin Roni da Gwiwa, inda dutse ya fi ƙasa yawa. Guda ɗaya ce ta ƙafe, ita ma mai gonar ne ya ƙi wurin da na nuna masa.

Ƙugiyar ta kakanmu ce. Baƙin ƙarfe, haƙora shida, da zobe a ka inda ake ɗaura igiya. In guga ya tsinke ya faɗa rijiya, ita ake zurawa a lalubo shi. Duk unguwarmu ita kaɗai ce. A zaure take rataye, jikin wata ƙusa a bayan ƙofa. A da ba ta kwana uku ba a zo aronta ba. Da aka kafa famfon tuƙa-tuƙa, aka daina zuwa rijiya, aka daina zuwa zaurena. Shekara takwas ke nan. Ni ma na daina duba bayan ƙofa.

Bana da bazara famfon ya mutu. Aka ce wani ƙarfe ne ya karye a ciki, sai an samo daga Kano. Mutane suka koma rijiyar bakin masallaci wadda ubana ya haƙa, zurfinta gaba goma sha huɗu. Ruwa na nan. Wanda ya iya ja ne babu. Matan yanzu igiyar leda suke ɗaura wa guga, ƙulli ɗaya, kamar masu ɗaurin alayyafo. Cikin kwana huɗu guga tara suka faɗa. Ina zaune a gindin darbejiya ina gani. Na san inda za su zo.

Rana ta biyar Tasalla mai koko ta yi sallama a zaurena. Ita tsohuwar hannu ce, ta san ƙa'ida. Mai aron ƙugiya yakan bar jingina: namiji ya bar hula ko fartanya, mace ta bar murfin tukunya. In ƙugiya ta dawo, kowa ya karɓi nasa, hannu da hannu. Da murfinta ta zo.

"Baba Mele, ina kwana. Gugana ya bi 'yan'uwansa."

"Na gani."

"Ga murfi."

Na tashi a hankali, don ta san ba a gaggauta ni. Na tura ƙofa, na miƙa hannu. Ƙusa kawai na taɓa.

Na duba ƙasa. Na duba sama, ko da yake ƙarfe ba ya hawa sama. Tasalla tana tsaye da murfi.

"Je ki, ki dawo jibi," na ce.

Ta dube ni, ta dubi ƙusar, ta tafi. Tun zamanin kakana ba a taɓa mayar da mai aro daga zauren nan hannu wofi ba. A kaina aka fara.

Na shiga cikin gida. Hajja Kaka tana tsince wake. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta girme ni da shekara huɗu, ita tana cewa bakwai. Mijinta ya rasu, matata ta rasu, muka zauna gida ɗaya shekara goma sha ɗaya. Ni ke kawo hatsi, ita ke girki. Maganarmu ba ta wuce goma a rana, tara a ciki faɗa ne.

"Yaya, ina ƙugiya?"

"Yau ka tuna kana da ita?"

"Ina take?"

"Zubairu ya ɗauka tun cikin sanyi. Ya ce a gilashi za a sa ta, a Kazaure."

"Kika bar shi?"

"Ni ce mai gadin ƙusa?"

Washegari na sa babbar riga. Ta ce ita ma za ta je ta ga Batulu, 'yarta da ke aure a Kazaure. Na ce ba yawo zan tafi ba. Ta riga ni shiga bas.

Gidan tarihin na san ginin tun ba a san zai yi tarihi ba. Siton gyaɗa ne. Ina yaro na sha kai gyaɗa can a kan jaki tare da ubana. Da gyaɗa ta mutu aka yi ajin yaƙi da jahilci a ciki, da ajin ya mutu awaki suka gaje shi. Shekara shida da suka wuce wata ƙungiyar tsofaffin malaman makaranta ta karɓe shi. Suka kori awaki, suka yi rufi, suka sa sola da fanka biyu. Sai suka bi ƙauyuka suna roƙon tsofaffin kaya. Abin da mutane suka rasa inda za su jefar, suka ba su.

Shugabansu Malam Ukasha ne, tsohon hedimasta, mutumin Gwiwa. Gajere, da tabarau, da 'yar sanda ta nuni. Ya tare mu a ƙofa.

"Sannunku da zuwa. Daga ina?"

"Roni. Na zo ɗaukar ƙugiyata."

"Madalla. A nan daga hannun dama ake farawa."

"Ba kallo na zo ba."

"Za mu iso wurin, Baba. Kowa daga dama yake farawa."

Haka muka fara daga dama. Ya nuna mini sikelin gyaɗa, ya ce da shi Turawa ke awo. Na ce na sani, ya sha cutar ubana. Ya nuna mini kuɗin wuri a cikin ƙwarya, da aninai masu huji. Ya nuna mini kwari da baka, da wani sirdi da gara ta ci rabi, da masaƙa, da akushi, da fitilar aci-balbal, da wani rediyo mai girman akurki. Kowanne da ɗan kwali a gabansa, kowanne sai ya karanta kwalin da ƙarfi kamar muna aji uku. Rabin kayan akwai irinsu a ɗakin Hajja Kaka, kuma nata sun fi tsabta.

Ita kuwa tana biye da mu tana tsaki.

"Malam, wannan me ka ce?"

"Tukunyar turaren sarauniya, Hajja."

"Kaskon suyar gyaɗa ne. Ga baƙin nan."

Malam Ukasha ya gyara tabarau. Muka yi gaba.

"Wannan mazarin wa ya ajiye shi a kife?"

"Haka aka kawo shi, Hajja."

"To wanda ya kawo shi ma bai sani ba."

A tsakiyar ɗakin muka same ta. Akwatin gilashi, an shimfiɗa jan ƙyalle, an shafe ta da mai tana ƙyalli, ga takobi a gefenta. Shekara saba'in da biyar ina ganin ƙugiyar nan, ban taɓa ganin ta a kwance ba.

Malam Ukasha ya ɗaga sanda, ya share murya.

"Wannan shi ne abin da muka fi taƙama da shi. Makamin hawa ganuwa. Mayaƙan Barno ke jefa shi ya kama kan ganuwa, su hau da igiya su ci gari. Gadon gidan Mele Mai Yaƙi na Roni. Kyautar Alhaji Zubair."

"Sake karantawa."

Ya sake.

"Wane ne Mele Mai Yaƙi?"

"Kakan gidan, Baba. Jarumi ne."

"Sunansa na ci. Kakana bai taɓa hawa ko katangar maƙwabci ba. Ƙasa yake shiga. Wannan ta ciro guga ce."

Hajja Kaka ta yi dariya har ta dafa gilashin. Malam Ukasha ya ɗauke hannunta da ladabi, ya goge wurin da hannun riga.

"Gaskiya, Baba, ranar da aka kawo ta na ce tana kama da ƙugiya. Alhaji Zubair ya ce ai daga wannan makamin aka kwaikwayi ƙugiya."

"Kira shi."

Ya kira shi a waya. Zubair yana aikin ofis a garin, bai yi rabin awa ba ya iso, cikin farar shadda. Da ya gan ni ya durƙusa, amma sai da ya tattare rigar kada ta taɓa ƙasa.

"Baba, sannu da hanya. Da ka faɗa da na aiko da mota."

"Wa ya hau ganuwa a gidanmu?"

"Baba, ka san abin tarihi, ana ɗan gyara shi."

"Wa ya hau?"

"Sunan gida na ɗaga, Baba. A ofis kowa da kakansa. Wannan kakansa alƙali, wancan kakansa mai gari. Ni in na yi magana sai a ce ɗan masu tonon rami."

"Ruwan da ka sha ka yi wannan wuyan, daga ramin ya fito."

"Na sani, Baba. Amma an riga an ɗauke ni hoto da ita. Har a kalandar ƙungiya."

Na juya ga Malam Ukasha. "Buɗe."

Bai buɗe ba. Ya kawo takarda, ga sa hannun Zubair. Ya ce abin da ya shigo gidan nan ba ya fita, doka ce ta ƙungiya. Ya ce in ya ba ni, gobe masu takobi za su zo daga Babura, sun riga sun zo sau biyu. Jibi mai sirdi. Cikin wata guda ɗakin zai koma na awaki. Na ga shi ma abinsa yake tsaro. Na ji tausayinsa kaɗan, amma guga tara suna cikin ruwa, kuma jibin da na ce wa Tasalla gobe ce.

"To ba ni aro."

"Babu aro a doka, Baba."

"Kai mutumin Gwiwa ne?"

"Ƙwarai."

"Rijiyar kasuwa kuka sha?"

"Ita muka sha."

"Ubana ya haƙa ta. Gugan gidanku ya taɓa faɗawa?"

"Sau da yawa."

"Aka aike ka aron ƙugiya?"

"Gidan Daudu maƙeri."

"Ya taɓa hana ka?"

Ya sauke sandar nunin. Sannan ya ce, "Ba a hana ƙugiya."

"Me kake bari?"

"Hulata."

Na cire hulata na ɗora a kan gilashin.

Ya daɗe yana kallon hular. Ya cire tabarau, ya mayar. Ya ce shi ba zai zama mutum na farko da ya hana aron ƙugiya ba, uwarsa ba za ta yafe masa a kabari ba. Amma jinginar gidan tarihi sai ta zama ta tarihi. Abin da zan bari sai ya kai ƙugiyar tsufa, don in masu kallo sun zo su sami abin gani. Ya juya hular, ya duba cikinta.

"Wannan ta kanti ce, Baba. Ga tambari."

Na ba shi sandata. Ya tambayi shekarunta. Na ce biyar, don ni ba na ɗan gyara tarihi. Ya mayar mini. Na ba shi agogo, ya ce na roba ne. Na ba shi carbi, ya ce tsarabar Makka ce ta kwanan nan. Zubair ya ce zai bar mabuɗin motarsa. Babu wanda ya kula shi.

Muna cikin haka wasu ɗalibai mata na kwaleji suka shigo da malamarsu. Ba su fara daga dama ba. Kai tsaye suka yi kusurwar masaƙa, suka taru. Na leƙa. Hajja Kaka ce. Ta tsallake igiyar da aka gitta, ta zauna a tabarmar da aka rubuta kada a taɓa, ta ɗauki mazarin nan da audugar da aka ajiye don ado. Ta shafa toka a yatsu daga kaskon sarauniya. Mazari yana juyawa, zare yana fita siriri. Ɗaliban sun ɗaga wayoyi.

Raina a ɓace yake. Na nuna ta da sanda.

"Ga ta can. Ta girmi haƙora biyu na ƙugiyar, a gabanta aka ƙera su. Riƙe ta."

"Baba!" in ji Zubair.

Malam Ukasha ya ce, "A'uzu billahi, mutum ai ba kaya ba ne."

Hajja Kaka ba ta jin kira in na ce ta miƙo ruwa, amma wannan ta ji. Ba ta tsayar da mazari ba.

"Me ya ce?"

"Wasa yake, Hajja."

"Mele bai iya wasa ba. Jingina ya ba da ni?"

Ta ɗaga kai ta dubi fanka.

"Wannan haka take juyawa har la'asar?"

"Har magariba, Hajja. Sola ce."

"Je ka, Mele. Ka ciro wa mutane gugansu. Na zauna."

Ta kafa sharaɗi. Ba za ta shiga gilashi ba. A gidan Batulu za ta riƙa kwana, ta zo da hantsi ta tashi da la'asar. A kawo mata alli na gaske da auduga mai kyau. Malam Ukasha ya dubi ɗaliban, ya ga ko ɗaya ba ta kalli takobi ba. Ya ciro mabuɗi daga aljihu.

"Kwana nawa, Baba?"

"Uku."

A bas na ɗora ƙugiyar a cinya. Kujerar mutum huɗu ce, ni kaɗai na zauna.

Da safe Tasalla ta zo da murfinta. Na karɓa, na ɗora a kan dakali. Na ce duk mai guga a rijiya ya kawo jingina, ko da yake ni da kaina zan yi lalube. Wata yarinyar amarya ta tambaya me ya sa, tunda ƙugiyar ba za ta bar hannuna ba. Na ce haka ake yi. Kafin hantsi dakalina ya cika da murafai da huluna.

Na ɗaura igiyar kaba, na zura. Lalube ba da ido ake yi ba, da yatsa ake ji. In haƙori ya taɓa roba daban, in ya taɓa ƙarfe daban, in laka ce daban. Jama'a sun kewaye rijiya, har liman ya fito. Na farko ya fito, aka yi guɗa. Na biyu, na uku. Kafin azahar na ciro tara. Na ci gaba. Na ciro buta, da tocila, da takalmi wari ɗaya, da wasu guga uku da babu wanda ya ce ya jefa. Nan take mata biyar suka ce nasu ne. Ɗaya daga cikin ukun na fata ne, irin wanda aka daina yi tun kafin a haifi huɗu a cikinsu. Na ce na masallaci ne. Liman bai musa ba.

Kwana uku suka cika. Ban koma Kazaure ba, don kullum sai guga ya faɗa, wata rana biyu. Akwai ƙullin da ubana ya koya mini, wanda ba ya kwancewa ko jaki aka ɗaure da shi. Babu wanda ya tambaye ni, ban koya wa kowa ba. Zaurena ya dawo zaure. Ana sallama tun da sassafe, ana durƙusawa, ana cewa Baba Mele Allah ya ƙara lafiya. Wani daga unguwar gabas ya zo da fartanya. Malam Ukasha bai aiko ba. Na ce mutumin kirki ne.

Cikin gida ne abin bai yi daɗi ba. Ranar farko na tuƙa tuwo. Na ga yadda ake yi shekara saba'in, ban ɗauka akwai wani abu a ciki ba. Sama ruwa, ƙasa gawayi. Na zuba wa kaji, suka zagaya suka wuce. Na nemi gishiri ɗaki uku ban samu ba. Na koma kokon Tasalla, safe koko, rana koko. Da yamma in zauna a tsakar gida, babu mai ce mini na shigo da ƙasa a takalmi. Sau biyu na ce, "Yaya, wa ya taɓa butata?" kafin in tuna.

Rana ta goma sha biyu aka gyara famfo. Na ji ƙararsa tun daga zaure. Ranar babu wanda ya yi sallama. Washegari ma haka. Na rataye ƙugiya a ƙusa, na zauna ina kallonta. Na yi tunanin in tafi in ɗauko Hajja Kaka in bar ƙugiyar a nan, Malam Ukasha ba shi da ƙarfin da zai biyo ni Roni. Amma ni ne mai riƙe da ƙa'idar. Na taɓa riƙe hular wani Lauwali wata bakwai don ya dawo da ƙugiya babu igiya. In na karɓi jingina ban mayar da aro ba, na zama Zubair.

Kwana biyu ina juya abin. A na uku na sha koko, ya ƙi wucewa. Na sauke ƙugiya, na goge ta, na naɗe a buhu.

Da na isa gidan tarihin sai na ga babura a ƙofa sun fi goma. Ciki an jera benci huɗu, duk a cike. Mata, ɗalibai, da wasu dattawa biyu da carbi. Hajja Kaka tana kan kujera mai hannu a ƙarƙashin fanka, da sabon mayafi. Ga kwanon fura a gefe, ga goro. Zare ya cika mazari uku. Malam Ukasha yana tsaye a bayanta da biro da littafi. Sandar nunin tana hannunta.

Na tsaya a ƙofa. Babu wanda ya ce in fara daga dama.

Na zagaya ta gefen akwatin gilashin. Takobi na nan, wurin ƙugiya babu komai sai sabon kwali da manyan baƙaƙe. Na tsaya na haɗa su ɗaya bayan ɗaya. "Ƙugiyar ciro guga. Ta gidan Mele mai haƙar rijiya, Roni. Ta tafi aiki." Na karanta sau biyu. Ba laifi.

Sai na ji abin da take gaya musu.

"Yana shekara tara. Aka ce kada ya leƙa, ya leƙa. Sai ji muka yi tsundum. Babanmu ba ya nan, ya tafi Gwiwa. Ni na ruga na ɗauko ƙugiya, ni na zura. Ta kama shi a wando, ta baya. Mata huɗu muka ja. Yana fitowa kai ƙasa ƙafa sama, yana kiran inna. Haƙori ɗaya a nan ya karye, don tun yana yaro nauyin kai gare shi."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Malam Ukasha yana rubutawa.

"Af, ga shi nan ma ya zo," in ji ta, ta nuna ni da sanda.

Benci huɗu suka juyo. Wayoyi suka tashi. Wani dattijo ya dubi wandona.

Na wuce na ajiye buhun a kan tebur, na kwance.

"Malam, ga kayanka. Ba ni nawa."

Fuskarsa ta canja. Ya rufe littafi, ya matso kusa, ya rage murya.

"Baba Mele, ai babu gaggawa. Ka ƙara riƙe ta."

"An gyara famfo."

"Famfo ai yakan sake mutuwa."

"In ya mutu na dawo."

"Baba, ka ji. Shekara shida, in mun sami mutum biyar a mako mun gode Allah. Jiya arba'in suka zo, har daga Babura. Kwali goma sha ɗaya ta gyara mana. Ashe sirdin nan ma na jaki ne. Ka riƙe ƙugiyar. Na yi magana da ƙungiya, sun yarda. Ta zauna a zaurenka har abada, mu kwalin ya ishe mu."

Abin da na zo nema ranar farko ke nan. Ga shi an miƙo mini a gaban mutane. Na dubi ƙugiyar a kan tebur. Na tura ta gabansa.

"Ƙa'ida hannu da hannu ce."

Ya tura ta gabana. "Ni ban karɓa ba."

Na sake turawa. Haƙori ɗaya ya kama rigar teburin ya ja ta, kwalbar biro ta faɗi. Aka sake dariya. Na bar shi, na je gaban kujerar.

"Yaya, tashi mu tafi."

Ta dube ni daga hula har takalmi.

"Ka rame. Wa ke maka tuwo?"

"Ina ci."

"Kokon Tasalla kake ci. Labari ya zo."

"Gida babu kowa."

"Ga ƙugiya. Yi hira da ita."

"Jama'a na kallo, Yaya."

"Kallo suka zo. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa maka tuwo, ka taɓa tambayata abu ɗaya ban da ina butarka? Nan tun hantsi ake tambayata. Har rubutawa ake yi."

Na tsaya. Na nemi abin da zan tambaye ta. Benci huɗu suna jira.

"Ina gishiri yake?"

"Gwangwanin madara, bayan randa."

"Na duba bayan randa."

"Ba ka duba ba."

"To tashi ki nuna mini."

Ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari a cinya, ta sake shi yana juyawa.

"Ba ni zuwa, Mele."